GARIN DA BAI BAR KUFAI BA: TASHIN MARADUN DA ABIN LURA GA ƘASAR KORGOM

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya kafa duwatsu, ya gudanar da ƙoramu a tsakaninsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Gabatarwa

Bayan haka, sarautar da ta cika shekara ɗari ta cancanci kirari, ta cancanci a jera sunayen waɗanda suka riƙe ta, kuma sauran shafukan wannan littafi sun sauke wannan nauyi. Wannan maƙala kuwa za ta fita da mai karatu daga ƙasar Korgom zuwa ƙasar Zamfara, inda a shekarar 1978 ruwan wata madatsa ya rufe gari da ƙauyukansa, aka kwashe jama'a aka kai su kan tudu. Mutanen da abin ya shafa Hausawa ne manoma, masu gandu da gamana, masu fada da liman, tamkar mutanen Tasawa da Mayahi. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sarauta a kan ƙasa take tsaye, kuma ranar da ƙasa ta salwanta, abin da fada ta adana na sani da shaida shi ne kaɗai ke saura a hannun talakawa.

Tashi iri-iri

Tashin gari ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. A 1807, bayan jihadi ya ci Birnin Katsina, zuriyar Korau ta yi arewa da jama'arta, ta yi ta yawo har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Yunwar Kakalaba ta 1913 da 1914 ta watsa ƙauyuka masu yawa, haka ma farin 1973 da 1974, da kuma yunwar 1984 da jama'a suka raɗa wa suna El Buhari. A 1945 ambaliyar gulbi ta rushe tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, Turawan Faransa suka mai da garin kan tudu, suka yanka masa tituna miƙaƙƙu waɗanda ake bi har yau.

Duk waɗannan tashe-tashe sun haɗu a kan abu ɗaya: sun bar kufai. Wanda yaƙi ya kora yakan komo in ƙura ta lafa, wanda yunwa ta kora yakan komo in ruwan shuka ya sauka. Ko bai komo ba, jikansa na iya zuwa ya tarar da kukar da ke bakin tsohuwar kasuwa, da ramin rijiya, da makabarta, da layin gamba ko aguwa da ya raba gonar kakansa da ta maƙwabci. Duk wanda ya taɓa zama a fada ranar shari'ar gona ya san darajar waɗannan abubuwa. In magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sarki kan tura wakilai da dattawa su je su taka wurin da ƙafarsu, domin gani ya kori ji. Kufai littafi ne da ƙasa ke riƙe wa mutanenta.

A tsakiyar ƙarni na 20 sai wani sabon tashi ya bayyana, wanda ba ya barin ko da ramin rijiya. Shi ne tashin madatsar ruwa, wadda mutanen Nijar ke kira baraji, na Najeriya kuma ke kira dam.

Zamanin madatsun ruwa

Da ƙasashen Afirka suka sami mulkin kai, shugabanni suka ɗora buri a kan manyan koguna. Ana son wutar lantarki, ana son noman rani da zai raba jama'a da jiran damina. A Masar aka gina babbar madatsar Aswan a kan Kogin Nilu, aka tashi Nubawa kimanin 100,000 a Masar da Sudan a farkon shekarun 1960. Duniya ta tara kuɗi aka yanka gumakan Abu Simbal aka ɗaga su sama don kada ruwa ya ci su, amma garin Wadi Halfa ya nutse. A Gana, madatsar Akosombo da aka gama a 1965 ta tashi mutum kimanin 80,000. Cikin wuraren da tafkin Bolta ya rufe har da tsohon garin Kete Karaci, zangon fataken Hausawa masu safarar goro, inda shahararren malamin nan ɗan Kano, Alhaji Umaru, ya yi zamansa har ya rasu a 1934.

Daga nan abin ya matso ƙasar Hausa. Tsakanin 1964 da 1968 Najeriya ta gina madatsar Kainji a kan Kogin Kwara. Tafkin da ya taru ya zarce kilomita 130 a tsawo, ya rufe tsohuwar Busa, hedikwatar Sarkin Borgu, da wurin da Bature Mungo Park ya halaka a 1806, da tsibiran Gungawan ƙasar Yawuri waɗanda suka shahara da noman albasa. An tashi mutum kimanin 44,000. Gwamnati ta gina masu sababbin garuruwa da bulo da siminti, aka kai fadar Borgu Sabuwar Busa. Jama'a sun yi ƙorafin cewa gidajen ba su dace da zamansu ba, amma an sami wurin sa kai, kuma tashin ya wuce ba tare da zubar da jini ba. Wutar Kainji ta isa Yamai ta layin Birnin Kabi tun 1976, kuma daga shekarun 1990 layin Katsina zuwa Gazawa ya kawo wutar Najeriya Maraɗi da Damagaram. Ke nan fitilar da ta haskaka gidaje da yawa a Nijar tana da alaƙa da gonakin da suka nutse a Yawuri.

A shekarar 2000 wani kwamitin duniya da ya binciki manyan madatsun ruwa ya ƙiyasta cewa mutanen da suka tasa a faɗin duniya sun kai miliyan 40 zuwa 80.

Maradun kafin zuwan ruwa

Gulbin Sakkwato yana tasowa daga wajen Funtuwa, ya bi ta Gusau, ya ratsa ƙasar duwatsu da tuddai kafin ya buɗe ya zama faffaɗar fadama a wajen Talatar Mafara da Bakura. A bakin wannan gulbi tsohon garin Maradun yake, garin Sarkin Ƙaya, wanda duk mai sauraren rediyo ya san sunansa ta dalilin makaɗin fadarsa, Alhaji Musa Ɗanƙwairo, da ya rasu a 1991.

Yaron da ya tashi a wannan kwari kafin 1978 ya tashi ne da gona biyu. Akwai ta tudu, inda ake shuka gero da dawa da wake da auduga in damina ta faɗi. Akwai kuma ta fadama, wadda gulbi ke cika kowace shekara ya ja da baya, ya bar mata laka mai albarka da ba ta neman taki. A nan ake shinkafa da damina, in ruwa ya janye a dasa albasa da dankali da rake da taba. Saboda haka shekarar da tudu ya ƙi, fadama kan rufa asiri, kuma magidanci bai cika barin iyalinsa ya tafi cin rani ba.

Karatun yaro kashi biyu ne. Na allo yana wurin malam, da asuba da kuma dare a bakin wuta. Ɗayan kuwa yana bayan mahaifinsa. Tun yana ɗan shekara bakwai yake bin awaki zuwa gindin dutse, ya san kogon da ake fakewa in hadari ya taso, ya san inda ƙaya take da inda maciji ke kwana. Yana ɗan shekara goma ya iya iyo a kan gora, ya san gurbin da ba a shiga sai Sarkin Ruwa ya ba da izni ranar su. Ya san ɗorawar gidansu da ta gidan wane, domin itace ma yana da mai shi, kuma ana gadonsa kamar yadda ake gadon gona. Yarinya kuwa ta san inda ake tsintar ƙwaran kaɗe, da inda ake ɗebo yumɓun tukunya, da dandalin da ake gaɗa in farin wata ya fito. Kowace gona tana da suna, kowane suna yana da labari, kuma ba a koyar da labarin a zaune. Uba kan tsaya a kan iyaka ya nuna da bakin hauya ya ce, daga nan zuwa tsamiyar can kakanka ya sare, wancan gefen kuwa aro ne aka ba gidan wane shekarar fara. A bayan ɗakin uwarsa aka binne cibiyar yaron, a gabas da gari kuma kakanninsa ke kwance. Duk wanda ya tashi a ƙauyen Korgom ko a bakin Gulbin Kaba ya san wannan irin tarbiyya, ko da babu dutse a garinsu.

Aikin Bakolori

A 1969 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar a yi madatsa matsakaiciya a wannan gulbi, a bi aikin a hankali. Amma da kuɗin man fetur suka yawaita a hannun gwamnatin Najeriya, kuma farin 1973 ya tsorata kowa, sai aka zaɓi babban aiki. Aka ba kamfanin Impresit na Italiya kwangila, aka fara a 1974, aka gama ginin a 1978. Bangon ya kai kilomita 5 da rabi, tafkin ya rufe hekta 8,000, yana ɗaukar ruwa mita miliyan 450 na awon cikin tafki. An tsara a shayar da hekta 23,000 a ƙasar Talatar Mafara da Bakura, a yi noman alkama da shinkafa.

Aikin ya taɓa jama'a kashi uku. Kashi na farko su ne mutanen Maradun da ƙauyukanta, kimanin 13,000, waɗanda tafkin ya ci gidajensu da fadamarsu. An kai su Sabon Maradun da wasu matsugunai a kan tudu mai tsakuwa, ƙasar da ba ta kama ƙafar wadda suka baro ba. Kashi na biyu su ne manoman da gonakinsu suka faɗa cikin filin ban ruwa. An hana su shuka shekara da shekaru domin manyan motoci su daidaita ƙasa su haƙa hanyoyin ruwa, an sare itatuwansu, an share iyakokin da aka gada. Da aka zo mai da gonaki, rajistar da ma'aikata suka yi ta zo da kurakurai, wani ya tarar da sunan wani a kan gonarsa, wani ya nemi sunansa ya rasa. Kashi na uku su ne na ƙasan madatsa, waɗanda ba a taɓa gidajensu ba, ba a kuma lissafa su cikin masu diyya ba. Ambaliyar da suke jira kowace shekara ta ragu, dubban hekta na shinkafa suka koma gero da dawa, kifi ya yi ƙaranci, masunta da yawa suka bar sana'ar. Wani masanin ƙasa ɗan Ingila, William Adams, ya bi waɗannan ƙauyuka ya rubuta abin da ya gani a 1985.

Abubuwa biyu suka ƙara tsananta lamarin. A 1976 Najeriya ta yi gyaran ƙananan hukumomi, wanda ya ƙarasa zare mulki daga hannun sarakuna bayan an riga an karɓe masu kotuna da ƴan doka. A watan Maris na 1978 kuma gwamnatin soja ta kafa dokar da ta danƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. A ƙarƙashin wannan doka, diyya tana kan abin da mutum ya gina ko ya shuka, ita kanta ƙasar ba a biyan kuɗinta. Sai ya zamana a daidai lokacin da talaka ya fi bukatar mai tsaya masa, fada ba ta da ƙarfin da za ta tsaya, kuma abin da ya fi daraja a dukiyarsa ba ya cikin lissafi.

Afirilun 1980

Manoma sun kai kuka wurin hukumar aikin, sun kai kotu, sun jira alkawari bayan alkawari. Daga 1979 suka fara tare hanyoyin da ma'aikata ke bi, suka hana motocin kamfani aiki, suka ce sai an biya su. A lokacin mulki ya koma hannun farar hula, Alhaji Shehu Shagari yana shugaban ƙasa, Alhaji Shehu Kangiwa yana gwamnan jihar Sakkwato, domin ba a yanke jihar Zamfara ba sai 1996. A ƙarshen watan Afirilu na 1980 aka turo ƴan sandan kwantar da tarzoma. An buɗe wuta, an ƙone gidaje, kuma ƙauyen Birnin Tudu na cikin wuraren da abin ya fi muni. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Masu bincike da ƴan adawa na lokacin suka ce sun haura 380.

Bai kamata a karanta wannan labari da nufin tada tsohon miki ba. Abin lura shi ne, ruwa ba ya tsami banza. Mutanen da suka tsaya a kan hanya ba su ƙi ci gaba ba, shekara biyu ko uku suka yi babu girbi, rumbu ya ƙare, takardar diyya kuma ba ta zama hatsi ba. Da an sami wanda ya san gonakin ɗaya bayan ɗaya, wanda hukuma ke jin maganarsa kuma talakawa suka yarda da shi, da wuya abin ya kai inda ya kai.

Ƴaƴan sabon gari

Yaran da aka ɗora a kan motocin kwasar kaya a 1978 suna ƴan shekara goma, yau sun doshi sittin. Su ne suka ɗauki nauyin tashin fiye da kowa, ko da yake ba a rubuta sunan ko ɗayansu a takardar diyya ba. Dattijo ya riga ya ci zamaninsa a tsohon gari, jariri kuma bai san abin da aka rasa ba. Na tsakiya shi ne aka fara koya wa ƙasa, aka katse masa karatu a tsakiya. Ya san sunan gurbi, gurbin ya zama tsakiyar tafki. Ya iya dashen shinkafa, an ba mahaifinsa tsakuwa. Ranar da ya isa a yanka masa gamana, babu fadamar da za a yanka, sai ya bi ƴan'uwansa cin rani zuwa Gusau da Sakkwato da Kano da Ikko.

Akwai kuma asarar da ma'auni ba ya kamawa. A tsohon gari, zaman unguwa ya bi dangantaka da sana'a, maƙera a gefensu, masunta a bakin ruwa, kowa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa in dare ya yi masa. Sabon wuri kuwa filaye ne da aka yanka a takarda. Gayya da biki da zaman makoki duk sai an sake koyon yadda za a yi su da sababbin maƙwabta. Uwa da ta saba samun kuɗin gishiri daga daddawa da man kaɗe ta wayi gari babu ɗorawa babu kaɗanya, kuma itacen da aka dasa yau ba ya ba da ƴaƴa sai yaron ya yi gemu. Mafi nauyi duka, wanda ya tashi a nan ba ya iya kai ɗansa ya nuna masa kabarin kakansa. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Waɗannan ba su bar gida ba, gidan ne aka ɗauke daga ƙarƙashinsu.

Adalci ne a faɗi cewa madatsar ta kawo amfani. Ƙasar Mafara da Bakura ta zama wurin noman shinkafa na rani, tafkin ya samar da kamun kifi, wasu kuma suna noma bakinsa in ruwa ya ja baya. Sai dai injinan yayyafa ruwa da aka tanada wa hekta 15,000 sun lalace, har filin da ake shayarwa ya koma kashi ɗaya cikin uku na abin da aka tsara, kafin Bankin Duniya ya sa Bakolori cikin wani shirin gyara da ya amince da shi a 2014. Kuma waɗanda suka ci amfanin ba lalle su ne waɗanda suka biya farashin ba. Ita sarautar Maradun ta tsira, ta bi jama'arta zuwa tudu, kuma ita ce zaren da ya haɗa tsohon gari da sabo a zukatan waɗanda ba su ga tsohon ba.

Ruwa bai san iyaka ba

Mai karatu na iya cewa ƙasar Korgom ƙasar jigawa ce, babu kogin da za a datse. Gaskiya ne, amma ruwan da ke ƙarƙashin fadamun jihar Maraɗi daga kudu yake zuwa. A ƙarshen shekarun 1980 Najeriya ta gina madatsar Jibiya a kan Gulbin Gada, wanda shi ne ke zama Gulbin Maraɗi in ya tsallako iyaka, ya shayar da tafkin Madarumfa da lambunan kwarin Maraɗi da Tibiri. Manoman wannan kwari sun ga yadda zuwan ruwa ya sauya, kamar yadda na ƙasan Bakolori suka gani. Wannan na cikin dalilan yarjejeniyar Maiduguri ta 18 ga Yuli 1990, inda Nijar da Najeriya suka amince su raba ruwan kwaruruka huɗu bisa adalci: Magiya, da Gulbin Maraɗi, da Tagwai ko El Fadama, da Komadugu Yobe. Na ukun nan, wanda ke gangarowa daga arewacin ƙasar Katsina ya nufi Gulbin Kaba, shi ne mafi kusa da mutanen Tasawa da Mayahi.

A yammacin Nijar kuma akwai barajin Kandaji a jihar Tilaberi, wanda aka jingina da dutsen Uruba a bakin Kogin Kwara. Shugaba Tanja Mamadu ya aza harsashinsa a watan Agusta na 2008, aikin ya tsaya, Shugaba Isufu Mahamadu ya sake ƙaddamar da shi a 2019 tare da kamfanin Gezhouba na Sin, sannan kamfanin ya dakatar da aiki a 2023 bayan juyin mulki. An tsara ya ba da wuta megawat 130, ya shayar da hekta 45,000. Rukunin farko na waɗanda aka tasa sun haura mutum 5,000, kuma an ƙiyasta rukuni na biyu zai kai kimanin 50,000, har da garin Ayoru mai babbar kasuwar Lahadi. Tambayar da ta fi ɗaukar lokaci a can ita ce ta Bakolori: wanda aka karɓe wa gonar gado, wace irin takarda za a ba shi a kan sabon fili, kuma ƴaƴansa za su gaje ta?

Ba madatsa kaɗai ke cin gona ba. Bututun man da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin ya ratsa jihar Maraɗi. A 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya. Hanyar mota da layin wuta da faɗaɗar gari duk ƙasa suke nema, a jihar da ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da miliyan 3 da dubu 400, inda gandun da ya ciyar da gida ɗaya jiya ake raba shi gida biyar yau.

Abin da ke wuyan sarauta

A nan Nijar ta bi hanyar da ta bambanta da ta maƙwabciyarta. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gona ta gargajiya, ta ba ta kariya daidai da mallakar takarda, ta kuma kafa kwamitocin filaye da ake kira Kofo, tun daga gunduma har zuwa ƙauye, inda mai gari ke shugabanta. Dokokin sarauta na 1993 da 2015 sun bar wa sarakuna ikon sasanta rigimar gona. Dokar karɓar fili don amfanin jama'a ta 1961, wadda aka gyara a 2008, ta wajabta biyan diyya kafin a karɓa, da tsara sabon matsuguni in aikin zai tashi mutane. Wannan dama ce da mutanen Maradun ba su samu ba. Amma doka ba ta san gonar kowa ba sai an gaya mata.

Saboda haka abu na farko shi ne rubutu. Kowane magidanci ya nemi takardar shaidar gonarsa tun ana zaman lafiya, tun dattawan da suka san iyaka suna raye. Saye da kyauta da aro da jingina duk a rubuta su a gaban mai gari da shaidu, a ajiye kwafi a fada.

Na biyu, a tuna da waɗanda rajista ke mantawa. A Bakolori, wanda ya fi shan wuya shi ne wanda haƙƙinsa bai da suna a takarda: mace mai gamana a gonar mijinta, maraya da gonarsa ke hannun baffa, mai noman aro na shekara talatin, da makiyayin da ba ya da gona sai burtali da mashaya. Fada ce kaɗai ta san waɗannan duka.

Na uku, a ƙidaya abin da ba na mutum ɗaya ba: makabartu, da kufai, da tsofaffin rijiyoyi, da filin idi, da gawo da goriba da kuka da ke cikin gonaki. Abin da ba a rubuta ba, ranar awo ba za a biya shi ba, ba za a kuma kauce masa ba.

Na huɗu, a ɗauki muryar tsofaffi. Yau kowace aljihu akwai waya mai ɗaukar magana, kuma gidajen rediyon karkara suna kusa. Ɗaliban ƙasar Korgom na iya zama da dattawan kowane ƙauye su ɗauki sunayen gonaki da asalin unguwanni da jerin masu gari, a adana a fada. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma duk tsohon da aka kai makwanci ba a tambaye shi ba, an binne shi da shaidar gona goma.

Na biyar, in babban aiki ya zo, kada a sa hannu a ɗaki. A tara jama'a a ƙofar fada, a karanta takarda da Hausa, a ji ta bakin mata da matasa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma yaran da ke wasa a dandali yau su ne za su zauna da abin da aka yanke.

Kammalawa

Shekara ɗari na sarautar Korgom sun ga mulkin Turawa da mulkin kai, sun ga fari da wadata, kuma har yau ɗan wannan ƙasa yana iya kama hannun ɗansa ya kai shi inda aka binne cibiyarsa. Wannan ni'ima ce da mutanen tsohon Maradun da tsohuwar Busa da Kete Karaci suka rasa, kuma riƙonta amana ce a wuyan fada da talakawa gaba ɗaya.

Allah ya jiƙan magabata da suka sari dajin nan suka kafa garuruwansa, ya jiƙan waɗanda suka rasu a Bakolori da waɗanda kaburburansu ke ƙarƙashin ruwa. Allah ya ja zamanin Mai Martaba Sarki, ya ƙara masa lafiya da adalci, ya ba shi mashawarta na gari. Allah ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da ƙasar Korgom da Nijar baki ɗaya lafiya. Amin.